Maganin zuciya yana sa ni jiri da tari, in ajiye shi har sakamako ya fito?

Tambaya: Wani bawan Allah mai shekara 47, ɗan kasuwa a Muda Lawal da ke Bauchi, ya rubuto cewa ya daɗe yana fama da faɗuwar gaba, yana haki in ya yi 'yar tafiya, ƙafafunsa kuma sukan kumbura da yamma. Da ya je asibiti aka tarar jininsa ya hau. An yi masa awon wutar zuciya da ake kira isiji, aka ce sai an ɗauki hoton zuciya na eko kafin a san takamaiman ciwon, aka ba shi nan da mako uku. Kafin ranar, likita ya ɗora shi a kan ƙwayoyi uku: bisoprolol, lisinopril da furosemide. Bai fi kwana goma da fara sha ba sai ga kasala, ga jiri in ya ɗago daga sujada, ga tarin da ke hana shi barci, ga yawan fitsari, ga kuma rauni wajen iyali. Yayansa ya ce ya ajiye maganin ya riƙa shan zoɓo da tafarnuwa har a gano ciwon. Yana tambaya ko ya bi shawarar.

Amsa: Malam, sannu da jiki, Allah ya sa kaffara ne. Kada ka ajiye maganin da kanka, amma kuma kada ka zauna kana daurewa har ranar eko. Ka koma wurin likitan da ya rubuta maka shi a cikin makon nan. Mutane da yawa suna ɗauka in an ba su rana, to ƙofar asibiti ta rufe sai ranar ta zo. Ranar da aka ba ka ta ɗaukar hoto ce kawai. Gyaran magani ba ya jiran hoto.

Na san abin da ke ci maka rai, shi ne yadda za a ba mutum magani alhali ba a faɗa masa sunan ciwonsa ba. Likitan ba lalube ya yi ba. Hawan jini, da haki, da kumburin ƙafa, in suka haɗu a jikin mutum ɗaya, abin da aka fi zargi shi ne zuciya ta fara gajiya saboda daɗewar da ta yi tana tura jini da ƙarfi. Wani babban bincike da aka buga a 2012, wanda ya duba marasa lafiya 1,006 da aka kwantar saboda gazawar zuciya a ƙasashen Afirka tara, har da Najeriya, ya tarar hawan jini ne sanadi a kusan kashi 45 cikin 100, toshewar jijiyoyin zuciya kuwa da ta fi yawa a Turai ba ta kai kashi 10 ba. Saboda haka ƙwayoyin nan uku su ne abin da mai hankali zai fara da shi. Eko zai nuna kaurin bangon zuciya, da lafiyar ƙofofinta, da kason jinin da take fitarwa a kowane bugu. Mai lafiya takan fitar da kashi 55 zuwa 70 na abin da ya cika ta, in ya yi ƙasa da 40 ana cewa ta yi rauni. Daga nan ne za a san wace ƙwaya za ta zauna, wacce za a ƙara, wacce za a cire. Kafin nan ana so ne a rage mata nauyi.

Bari in fara da bisoprolol, don shi ne wanda ajiye shi kwatsam ya fi haɗari. A jikin ɗan Adam akwai sinadarin adirenalin, wanda ke sa zuciya gudu in ka tsorata ko ka ɗauki kaya. Bisoprolol da 'yan uwansa, irin su atenolol da metoprolol da carvedilol da propranolol, suna tare hanyar da sinadarin nan ke bi ya zaburar da zuciya. Wani masani ɗan Sikotilan, James Black, shi ya ƙirƙiro propranolol a shekarun 1960, aikin da ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 1988. Maganin kamar linzami yake a bakin dokin da ya saba sukuwa: in aka ja shi dokin zai lafa, in kuma aka sake shi lokaci ɗaya sai ya zabura fiye da da. Dalili shi ne, muddin kana shan maganin, zuciya tana ƙara yawan wuraren da ke karɓar adirenalin. Ranar da ka daina kwatsam, sinadarin zai tarar da su duka a buɗe. Bugu ya yi sauri, jini ya hau, wanda kuma jijiyar zuciyarsa ke da matsala zai iya kamuwa da ciwon ƙirji mai tsanani. In za a janye shi, a hankali ake ragewa.

Kasalar da kake ji yawanci daga nan take. Zuciyar da ta saba bugu ɗari a minti an mayar da ita sittin, dole jiki ya ji bambanci, musamman wajen hawa bene ko sauri zuwa masallaci. Wasu tafin hannunsu da ƙafarsu kan yi sanyi, wasu su riƙa mafarkai barkatai. A mafi yawan mutane abin yakan lafa cikin 'yan makonni. Abin da zai gaya mana ko naka na wucewa ne shi ne ƙirgen bugun. Ka zauna ka huta minti biyar, ka ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, ka ƙirga minti guda cur da agogon waya. In yana tsakanin 55 da 70, maganin yana aikinsa. In ya sauka ƙasa da 50 kuma kana jin jiri ko rashin ƙarfi, ya yi maka yawa, a ranar ya kamata likita ya sani. Akwai kuma wani abu da ba kowa ke faɗa wa mara lafiya ba: idan har yanzu akwai ruwa a huhu, irin wannan magani yakan iya ƙara haki a farkon fara shi. Shi ya sa ga mai raunin zuciya ake farawa da ɗan kaɗan, miligiram 1.25, a riƙa ƙarawa sannu a hankali. Ka duba kwalin naka ka ga nawa aka rubuta. In hakin ya ƙaru tun da ka fara, ko ka koma sai ka tara matashi biyu uku kafin ka iya kwanciya, wannan ba abin daurewa ba ne. Mai asma da mai ciwon suga su ma su tuna wa likita, don maganin yakan tayar da asma, yakan kuma ɓoye rawar jiki da faɗuwar gaban da ke sanar da mutum sugansa ya faɗi.

Jirin sujada shi ne abin da ya fi jan hankalina a wasiƙarka. In mutum ya miƙe tsaye, jini yakan gangara ƙafafu, sai jiki ya yi maza ya matse jijiyoyi ya ƙara bugun zuciya don kada ƙwaƙwalwa ta rasa rabonta. To kai yanzu an ba ka magani ɗaya mai hana bugun ƙaruwa, ɗaya mai sassauta jijiyoyi, ɗaya mai fitar da ruwa, duka a rana guda. Ka ƙara da zafin Bauchi a bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da rana kan kai maki 40, mutum na zaune a rumfar kwano gumi na zuba tun hantsi. A ganina, ukun nan a tare sun yi maka yawa a wannan yanayi, kuma gyaran mai sauƙi ne. Likita zai iya rage furosemide in kumburin ya saɓe, ko ya raba lokutan sha, ɗaya da safe ɗaya da dare. Amma ba zai yi hakan da ka ba, sai da lissafi.

Ga yadda za ka samo masa lissafin. Ka sami na'urar awon jini ta hannu, ko ka je kemis ɗin da ka yarda da shi. A auna ka bayan ka zauna minti biyar, sannan ka miƙe a sake aunawa bayan minti ɗaya, a kuma sake bayan minti uku. In lambar sama ta faɗi da 20 ko fiye bayan ka tashi, ko ta yi ƙasa da 90 kana jin jiri, to an kama ɓarawon. Ka rubuta lambobin da lokacin da aka auna, safe da yamma, na kwana uku ko huɗu.

Kafin a gyara, ka riƙa tashi daki-daki. In ka farka da asuba ka zauna a bakin gado tukuna, ka motsa ƙafafu, sannan ka miƙe. Daga sujada ka ɗan zauna kafin ka tashi, in kuma jirin ya yi yawa ka yi sallarka a zaune, malamai sun yi bayanin wannan sauƙin ga mara lafiya. Banɗaki na tsuguno da wanka da ruwa mai zafi sosai su ne wuraren da mutane suka fi faɗuwa, kada ka kulle ƙofa ta ciki. Babur kuwa ka haƙura da tuƙa shi har jirin ya tafi, ka hau Keke Napep ko wani yaro ya kai ka kasuwa. Azumin Litinin da Alhamis ma ka ɗage shi zuwa bayan an daidaita maganin. Game da ruwan sha, kada ka ƙuntata wa kanka saboda gudun fitsari, kada kuma ka yi ta ɗirka, ka tambayi likitan adadin da ya dace da kai, don mai ruwa a jiki akan ƙayyade masa.

Sai tari. Irin wanda ka kwatanta, busasshe mara kaki, mai ƙaiƙayi a maƙogwaro, sanannen halin lisinopril ne da danginsa masu sunan da ke ƙarewa da “pril”, kamar enalapril da captopril. Kusan mutum ɗaya cikin goma yakan same shi. Maganin yana hana jiki rushe wani sinadari mai suna biradikinin, shi kuma in ya taru sai ya riƙa sosa hanyar numfashi. Wannan tarin ba ya jin maganin tari, ba ya jin zuma da citta, ba ya jin maganin kashe ƙwayoyin cuta. Na sha ganin wanda ya yi wata da watanni yana yawo tsakanin kemis da ɗakin gwajin tarin tibi, alhali ƙwayar da yake haɗiya kullum da safe ce. Shi ne kuma, a cikin duk abin da ka lissafa, wanda ba kasafai yake wucewa da haƙuri ba. Maganinsa canji ne zuwa losartan ko valsartan, masu aiki iri ɗaya ba tare da tara sinadarin ba. Bayan canjin tarin yakan ɗauki mako ɗaya zuwa huɗu kafin ya tafi, wani lokaci fiye, saboda haka kada ka ce canjin bai yi amfani ba in ka kwana biyu kana yi.

Sai dai ba kowane tarin dare ne na magani ba. Zuciya mai rauni ita ma tana sa tari, domin in mutum ya kwanta ruwan da ya taru a ƙafafu yakan koma huhu. Bambancin shi ne na zuciya yana zuwa da sarƙewar numfashi, yana sauƙi in ka tashi zaune, wani lokaci da kaki mai kumfa. Biyun nan maganinsu ya saɓa, ɗaya cire ƙwaya ake yi, ɗaya ƙara ta ake yi, kuma ba a rabe su sai an ɗora abin saurare a bayanka. Wannan kaɗai ya isa dalilin komawa asibiti.

Wuri ɗaya ne zan ce ka daina lisinopril nan take ba tare da jiran kowa ba: in leɓe, ko harshe, ko fatar ido ta kumbura, ko murya ta shaƙe, ko haɗiyar yawu ta yi wuya. Ba ya faruwa da yawa, amma ya fi samun baƙar fata a kan sauran jinsi, kuma yana iya toshe numfashi cikin sa'o'i. Wanda ya ga haka ya tafi asibiti ko da tsakar dare ne, kuma ba zai ƙara shan dangin maganin ba har abada.

Fitsari kuwa aikin furosemide ke nan, wanda aka fi sani da Lasix. Yakan fara aiki cikin awa ɗaya ya yi kamar awa shida, don haka ka sha da sassafe, ba da yamma ba. In kana da sikeli ka riƙa hawa kowace safiya bayan fitsari. Ƙarin kilo biyu cikin kwana uku ruwa ne ba ƙiba ba. Ka kuma tambaya ko an auna maka ƙoda da gishirin jini, musamman potasiyam, don ƙa'ida ce a auna mako ɗaya zuwa biyu bayan fara lisinopril. Idan gudawa ko amai suka kama ka, ka je asibiti a ranar, domin a irin wannan hali akan dakatar da lisinopril da furosemide na ɗan lokaci don kare ƙoda.

Maganar iyali, ka kyauta da ka faɗe ta, yawancin maza sai dai su ajiye magani a ɓoye su bar likita yana mamakin yadda jini ya ƙi sauka. Bisoprolol na iya jawo hakan, saukar jini da yawa na iya jawowa, fargabar ciwon ma kaɗai ta isa. Akwai wasu a dangin bisoprolol, kamar nebivolol, da ba su cika yin haka ba. Abin da nake roƙonka shi ne ka nisanci maganin ƙarfin maza na tasha da na masu lasifika a mota. Da yawansu ana cakuɗa su da sildenafil ba tare da an rubuta ba, shi kuma yana ƙara saukar da jini. Ga wanda ke shan maganin ciwon ƙirji irin isosorbide, haɗin na iya kisa. Ka yi wa uwargida bayani cewa magani ne kuma za a gyara, ya fi ka bar ta tana saƙe-saƙe.

Tunda an zo kan kemis, ka kiyayi diclofenac da ibuprofen da piroxicam da duk haɗe-haɗen ciwon jiki da ake ƙullawa a leda. Suna riƙe gishiri da ruwa a jiki, in kuma suka haɗu da lisinopril da furosemide suna iya taɓa ƙoda. Paracetamol ya ishe ka. Maganin mura mai buɗe hanci yakan tayar da bugun zuciya. Ko maganin zazzaɓin cizon sauro za ka saya, ka fara nuna kwalayen da kake sha.

Yayanka da ƙauna ya yi magana, kuma bai yi ƙarya a kan zoɓo ba, an gwada an ga yana ɗan saukar da jini. Amma ba ya fitar da ruwa daga huhu, ba ya kuma riƙe zuciya mai gudu. A halin da kake ciki ma, tulin zoɓo a kan ƙwayoyi uku jirin zai ƙara. Kofi ɗaya mara sukari da yawa ba laifi, tafarnuwa a miya ba laifi. Addu'a da tofi kuwa ba su taɓa yin karo da ƙwaya ba. In yana son ya taimaka, ga inda taimakon yake: gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a rana, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma wannan ya haɗa da wanda ke cikin dunƙule, da yajin tsire da balangu, da kilishi. Kanwa ma sodiyam ce, irin sinadarin da ke cikin gishiri, saboda haka ɗanwake da kunun kanwa da waken da aka dafa da ita suna cikin lissafi. Ban ce ka daina cin masa ba, na san ba a raba mutumin Bauchi da ita, amma a rage dunƙulen miyar. Gishirin nan na kanti da ake cewa na masu hawan jini ne, kada ka saya, potasiyam ne a ciki, lisinopril kuma yana tara shi a jini. Goro da Nescafe da lemon gwangwani mai ƙara kuzari, duk a sassauta, don suna tayar da faɗuwar gaba.

Jiran kansa ciwo ne. Wanda aka ce masa zuciya, kuma ba a ƙarasa masa zance ba, zai kwana yana sauraron ƙirjinsa, kowane bugu ya ji kamar na ƙarshe. Tsoro yana sakin adirenalin ɗin nan da muke ƙoƙarin tarewa, sai faɗuwar gaba ta ƙaru, tsoro ya sake ƙaruwa. Shi ya sa ban so ka riƙa auna jini sau goma a yini, sau biyu ya wadatar. Ka kuma sani ba duk faɗuwar gaba ce daga zuciya ba. Ƙarancin jini yana kawo ta, haka ma halittar nan ta wuya da kan kumbura ta zama maƙoƙo, in ta yi aiki fiye da kima, kuma duka biyun da awon jini ake gano su, ka tambaya ko an yi maka. Kada ka kwanta ka zama majinyaci. Ka riƙa 'yar tafiya a fili da sanyin safiya ko bayan la'asar, gwargwadon yadda za ka iya magana kana tafe. Ɗaukar buhu da dakon kaya ka bar wa yara.

Akwai alamun da ba a kai su ga gobe: ciwon ƙirji mai danna kamar an ɗora nauyi, wanda ya wuce minti goma sha biyar ko ya sauka hannu ko muƙamuƙi da gumi, suma, ko da ta daƙiƙa kaɗan ce, numfashi ya gagara kana zaune, bugu ya sauka ƙasa da 40 ko ya yi ta gudu ba tsari ya ƙi lafawa, baki ya karkace ko hannu ya mutu. Sashen gaggawa na asibitin koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa da na Asibitin Ƙwararru na Bauchi ba sa rufewa dare da rana. Wani ya kai ka, kada ka tuƙa kanka. Ka faɗa wa mutanen gida waɗannan alamun tun yanzu, don wanda ya suma ba shi ke ba da labari ba.

In za ka koma, ka tafi da kwalayen maganin gaba ɗaya a leda, har da na gargajiya in kana sha, da takardar isiji, da 'yar takardar da ka rubuta awo a kai. “Maganin bai karɓe ni ba” ba ta ba likita abin kamawa. Ka ce masa jiri yana zuwa ne kamar awa biyu bayan sha, jinina a zaune kaza ne a tsaye kaza, tari ya fara a rana ta kaza. Ka kuma gaya masa in hakin ya ƙaru, don hakan na iya sa a matso da ranar hoton.

Shi eko ɗin ba allura, ba yanka, ba zafi. Irin na'urar da ake duba masu juna biyu ce, za a shafa maka wani ruwa mai yauƙi a ƙirji ka kwanta ta gefen hagu, cikin kamar rabin awa an gama. Ba ya bukatar ka zo da yunwa, kuma ka sha maganinka na safe kamar kullum sai in an ce maka kada ka sha. In kuma aka ce za a ɗaura maka holta, wato ƙaramar na'urar da ke naɗar bugun zuciya na awa 24, ka tambaya tun kafin ranar ko za ka ci gaba da bisoprolol, domin yana iya ɓoye rikicin bugun da ake nema, kuma likitan ne zai yanke ko a sha ko a dakata.